Me ya haɗa fim ɗin Jamus, ajin yare da bikin 'yan Norwe a jami'a ɗaya?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Wiskonsin da ke Madison a Amurka, fannina kimiyyar muhalli ne, amma ina so in koyi Jamusanci a gefe saboda burina in ƙarasa karatu a Jamus. Da na duba sashen da ke koyarwa sai na ga an cakuɗa Jamusanci da yarukan Sikandinabiya har da na Rasha, ga kallon fim, ga bukukuwan gargajiya. Duk wannan na mene ne? In shiga aji kawai in bar sauran ko akwai amfani a ciki?

Amsa: Ƙanwata Allah ya sanya alheri, ya sa ki gama lafiya. Tambayarki ta faɗo daidai inda nake so, don Jamusanci shi ne abin da na karanta kuma na daɗe ina koyarwa, sannan na zauna a wannan yanki na tsakiyar Amurka. Kar ki bar sauran. Aji zai ba ki nahawu, amma kunne da baki a ɗakin kallon fim da teburin hira ake samunsu, kuma su bukukuwan nan da kike gani kamar shagali, su ne za su nuna miki dalilin da ya sa tun farko ake koyar da waɗannan yaruka a garin da ke da nisan dubban kilomita daga Turai.

Bari in fara da sashen. Haɗewar da kika gani ba tsohuwa ba ce, a 2016 aka haɗa sassa uku da a da kowanne ke cin gashin kansa, na Jamusanci, na Sikandinabiya da na yarukan Silabik irin su Rashanci da yaren Folan. Gaskiyar magana dalilin irin wannan haɗewa a jami'o'in Amurka yawanci kuɗi ne da raguwar ɗaliban yare, ba wai wani ilimi ne ya ce Rashanci ɗan'uwan yaren Suwidin ne na kusa ba. Jami'ar Minesota ma haka ta yi, nata har da yaren Holan a ciki. Amma tsakanin Jamusanci da yarukan Norwe, Suwidin, Denmak da Aisland, nan kam zumuncin na jini ne, duk dangi ɗaya ne da Turanci. Yaren Finlan ne bare a cikinsu, asalinsa daban ne gaba ɗaya, shi ya sa za ki ga ana cewa Nodik maimakon Sikandinabiya in ana so a haɗa da shi.

To me ya kawo su Wiskonsin? Mutane ne suka kawo su a bakinsu. A 1825 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration ya taso daga Stavanger da mutum 52 ya isa New York ran 9 ga Oktoba, daga nan aka buɗe hanya, cikin shekara ɗari kusan mutum 800,000 suka bar Norwe, ƙasar da duka mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan biyu da wani abu ba. Suwidin ta yi asarar sama da miliyan ɗaya. Talauci ne da ƙarancin gona, babban ɗa ya gaji gonar sauran su san inda dare ya yi musu, ga kuma dokar Amurka ta 1862 da ke ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar. Jamusawa kuwa sun fi kowa yawa, har yau kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen Wiskonsin suna cewa asalinsu Jamus. Kuma kar ki manta ƙasar da aka raba musu tana da masu ita, Madison kanta ƙasar mutanen Ho-Chunk ce, 'yan asalin wurin da aka tilasta musu tashi, jami'ar ma yanzu tana faɗar haka a fili.

A 1875 aka naɗa Rasmus B. Anderson, ɗan baƙin haure 'yan Norwe, farfesan yarukan Sikandinabiya a Madison, kuma wannan ne sashe irinsa mafi daɗewa a Amurka. Yankin cike yake da kwalejojin da waɗannan mutane suka gina da kuɗin coci da na manoma, Luther a Decorah 1861, Gustavus Adolphus 1862, Augsburg 1869, St. Olaf 1874. Ɓangaren Jamusawa kuma akwai cibiyar Max Kade da aka buɗe a jami'arku a 1983, aikinta adana wasiƙu, jaridu da muryoyin tsofaffin da suka tashi da Jamusanci a gonakin Wiskonsin.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne yadda yaren ya mutu. Ki duba fa, wasu masana harshe na jami'ar sun bi ƙidayar 1910 suka gano cewa a wani ƙauye Hustisford kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ya jin komai sai Jamusanci, da yawansu kuma a Amurkar aka haife su. Da aka yi dokar Bennett a Wiskonsin a 1889 mai tilasta koyarwa da Turanci, Jamusawan Katolika da na Lutaran suka haɗa kai suka kayar da gwamna a zaɓen 1890, aka soke dokar a 1891. Ƙarfinsu ya kai haka. Sai yaƙin duniya na ɗaya ya zo, Amurka ta shiga a 1917, jin Jamusanci ya zama abin tuhuma, a 1918 gwamnan Iowa ya hana magana da kowane yare in ban da Turanci a bainar jama'a, har a waya da coci, wanda ya shafi 'yan Norwe da 'yan Denmak da ba ruwansu da yaƙin. A Nebraska aka hukunta wani malami Robert Meyer saboda ya karantar da yaro ɗan shekara 10 labarin Baibul da Jamusanci, sai a 1923 kotun ƙoli ta wanke shi. Kafin nan aikin gama ya gama, a 1915 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan sakandare a Amurka suna ajin Jamusanci, zuwa 1922 ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Yaren Norwe ya ɗan ja numfashi, jaridar Decorah-Posten ta ci gaba da fita daga 1874 har 1972, kuma Einar Haugen da ya koyar a Madison daga 1931 zuwa 1964 ya zaga ƙauyuka yana naɗar muryoyin mutane, ya nuna yadda Turanci ke shiga bakinsu kalma bayan kalma har jikoki suka wayi gari ba abin da ya rage.

Na taɓa zama kusa da wata tsohuwa a wajen cin abinci na coci a wani ƙauye, da ta ji ina karanta yaruka sai ta karanto min addu'ar cin abinci da yaren Norwe tsaf, ta ƙirga ɗaya zuwa goma, sannan ta ce iyakar abin da ta gada ke nan, kakarta ta ƙi koya wa 'ya'yanta don kar a yi musu dariya a makaranta. Idonta ya kawo ruwa. Wallahi ranar na tuna 'ya'yan abokaina Hausawa da ake haifa a can waɗanda sannu da ina kwana kawai suka iya. Ɗaliban da za ki tarar a aji da yawansu jikokin irin tsohuwar nan ne, sun zo neman abin da ya ɓace a gidansu, kuma da kika san haka za ki fahimci me ya sa suke ɗaukar bikin da muhimmanci.

Yanzu fim. Mutane suna ɗauka fim ɗin Jamus daban na Sikandinabiya daban, alhali tun farko a tsefe suke kamar kitso. Kafin yaƙin duniya na ɗaya Denmak ce babbar ƙasar fim a arewacin Turai, kamfanin Nordisk da Ole Olsen ya kafa a Kofanhagan a 1906 yana cikin manya na duniya kuma daga baya har ya mallaki gidajen sinima a cikin Jamus. Tauraruwa ta farko da Jamusawa suka haukace a kanta 'yar Denmak ce, Asta Nielsen, har suna ce mata Die Asta kawai, kuma fim na farko da aka ɗauka a situdiyon Babelsberg kusa da Balin a 1912 nata ne, daraktan ma ɗan Denmak, Urban Gad. Da aka kafa UFA, babban kamfanin fim na Jamus, a Disambar 1917 da tunzurawar Janar Ludendorff don sojoji suna son makamin farfaganda, cikin abin da aka fara haɗiyewa har da dukiyar Nordisk da ke Jamus. A 1924 Carl Theodor Dreyer ya yi fim a Balin, a 1925 G. W. Pabst ya haɗa Asta Nielsen da wata yarinya 'yar Suwidin a fim ɗin Die freudlose Gasse, a shekarar yarinyar ta wuce Holiwud, ita ce Greta Garbo. Zamanin Nazi ma babbar tauraruwar UFA 'yar Suwidin ce, Zarah Leander, sai a 1943 ta koma gida inda mutanenta suka daɗe ba su yafe mata ba. Shi kansa Ingmar Bergman da aka tuhume shi kan haraji a 1976 ya yi fushi ya bar Suwidin, Munik ya koma ya yi shekaru yana aiki a can har ya yi fim da Jamusanci.

Saboda haka malamin da ya sa fim ɗin Denmak a jerin kallon sashen Jamusanci ya san abin da yake yi.

Amma ke abin da ya dame ki shi ne zai koya miki yare ko a'a. Zai koya miki, in kin kalla yadda ya kamata, kuma ba kowane fim ba. Za a fara nuna muku na zamanin Weimar, wato 1919 zuwa 1933, su Caligari na 1920, Nosferatu na 1922, Metropolis na 1927, ki je ki kalla don su ne tushen abubuwa da yawa da kike gani a fina-finan tsoro da na kimiyya har yau, sai dai na bebaye ne, ba magana sai rubutu jefi-jefi, to karatu za su taimaka miki ba ji ba. Na farkon zamanin sauti kamar M na Fritz Lang 1931 kuma akwai karin Balin da tsohon sauti, sai kin yi nisa. Ga mai fara koyo ni na fi son na bayan shekarar 2000, irin Good Bye, Lenin! na 2003, magana ce ta gida da ta titi, kuma zai buɗe miki labarin rabuwar ƙasar da faɗuwar katangar Balin a 1989. Daga nan ki nemi na Jamus ta Gabas, kamfanin DEFA da aka kafa a 1946 ya yi fina-finai kusan 700 kafin 1992, maganarsu a natse take, kuma a Amurka akwai ɗakin adana su na musamman a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst tun 1993, jami'o'i da yawa daga can suke samo su.

Akwai guda ɗaya da nake nuna wa kowane ajina, na Fassbinder na 1974, labarin wata dattijuwa Bajamushiya mai aikin shara da ta auri wani lebura ɗan Maroko da ta girme shi nesa ba kusa ba. Sunan fim ɗin Angst essen Seele auf, ma'ana tsoro yana cinye rai, kuma da gangan aka karya nahawun, daidai shi ne Angst isst die Seele auf. A kalma huɗu kin ga aikatau da ba a juya shi ba, kin ga an yar da die da ke zuwa gaban suna, kin ga auf da ya ɓalle daga jikin aikatau ya tafi ƙarshen jimla wanda shi ke wahalar da kowa a shekarar farko. Sannan kin ga yadda ake kallon baƙo ta hanyar bakinsa, abin da ke da kanki za ki iya cin karo da shi in kin je Jamus, gara ki fara tunaninsa tun yanzu.

Babban abin da fim ke bayarwa wanda littafi ba ya iyawa shi ne ƙananan kalmomin nan, doch, mal, ja, halt, eben, denn. Bature ɗan Amurka yana shan wuya da su don yarensa ba shi da irinsu, mu kuwa gida ne, su ne dai, fa, kam, mana, kuwa, ai. Komm umarni ne tsagwaro, Komm mal kamar ɗan zo ne, Komm doch kuma zo mana. Ba wanda zai iya koya miki wannan a allo, sai kin ga fuskar mai maganar da yanayin da ya faɗa. Haka du (kai ko ke) da Sie (ta girmamawa), ki lura a fim lokacin da mutum biyu suka daina Sie suka koma du, sau da yawa nan ne labarin ya juya, kuma ke da kika tashi kina ce wa babba ku ba za ki sha wahalar gane nauyin abin ba. 'Yan Suwidin su tun ƙarshen shekarun 1960 suka watsar da wannan, kowa du ne har shugaban ma'aikata, amma kar ki kai wannan ɗabi'ar ofishin farfesa a Jamus.

Yadda nake sa ɗalibaina su yi: kallo na farko da fassarar Turanci a ƙasa don ki san labarin, ki more shi. Sannan ki zaɓi wuri ɗaya da bai wuce minti biyar ba, ki sa rubutun Jamusanci a ƙasa, ki maimaita shi har ya ishe ki, ki tsayar ki faɗi abin da suka faɗa da irin muryarsu da saurinsu, ki rubuta jimla biyar cikakku ba kalmomi ɗaiɗai ba, ki je da su teburin hira na sati, wanda ake kira Stammtisch ko Kaffeestunde, ki yi amfani da su ko da kuskure. Wanda ya kalli fim 50 da fassarar Turanci kawai ya san fim ɗin Jamus amma bai ƙaru da yare ba, na ga irinsu da yawa. Wani abu kuma, Jamusawa suna ɗora muryarsu a kan kusan duk fim ɗin waje, kamar yadda ake yi wa na Indiya a Kano, to fim ɗin da kika riga kika haddace za ki iya samunsa da Jamusanci, kuma maganar ta fi fita tas. 'Yan Sikandinabiya ba sa haka sai a na yara, rubutu suke sawa, yana cikin dalilan da Turancinsu ya yi kyau.

Kina da wasu makamai da ba ki sani ba. Jinsin suna ba baƙon abu ba ne gare ki, Jamusanci dai uku gare shi maimakon biyu, kuma rana mace ce wata namiji a wurinsu kamar a Hausa, die Sonne, der Mond. Dogon wasali da gajere kin saba da su. Wahalar tana ga sauye-sauyen der, den, dem, des guda huɗu da kuma aikatau da ke gudu ƙarshe bayan weil ko dass, wannan sai aji da haƙuri, kar ki yi wasa da aikin gida. In wata rana kika leƙa ajin yaren Norwe ko Suwidin za ki sha mamaki, bil mota bilen motar, hus gida huset gidan, a wutsiya suke liƙa abin kamar mu, kuma suna da karin sauti mai bambanta ma'ana, a yaren Suwidin anden na iya zama agwagwar ko ruhin, ya danganta da yadda aka rera, Bahaushe yana jin bambancin a satin farko. Ga kalmomin aro birjik daga Jamusancin arewa tun zamanin fataken Hansa da suka yi sansani a Bergen. Amma shawarata kar ki haɗa biyu yanzu, ki riƙe Jamusanci har ki kai matakin B1, wato matsakaicin matakin iya yare, don jami'o'in Jamus in karatun da yarensu ne za su nemi jarrabawar TestDaF ko DSH, wajen B2 zuwa C1, ga kuma naki karatun da ya kai ki.

Game da bukukuwan, ki je amma da idonki a buɗe. Gado in yare ya fita daga cikinsa yakan koma abinci da tufafi da hula mai ƙaho wadda Baikin na gaskiya, wato mayaƙan teku na Sikandinabiya na da, ba su taɓa sawa a yaƙi ba, kuma aikin sashen jami'a shi ne ya tace. Misali dutsen Kensington da wani manomi ɗan Suwidin ya ce ya tono a Minesota a 1898, mai rubutun da ke cewa mutanen Sikandinabiya sun iso can a 1362, har yau akwai masu rantsuwa da shi, masana yare kuwa tun farko suka ce rubutun na ƙarni na 19 ne. Shaidar gaskiya ta zuwan Baikin tana L'Anse aux Meadows a Kanada, wadda aka gano a 1960. Akwai kuma ɓangare mai ɗaci, 'yan Nazi sun ɗauki sunan Nodik suka mai da shi tatsuniyar fifikon jinsi, alhali su ne suka mamaye Denmak da Norwe ran 9 ga Afrilun 1940, kuma har yau masu wariyar launin fata suna ɗaukar tsofaffin haruffan Sikandinabiya suna yin tambari da su. Malaman da na sani a wannan fanni suna yaƙar wannan a aji ba ɓoye-ɓoye, kuma ni dai ban taɓa jin an nuna min ni bare ne a taronsu ba. Madison ma ba baƙuwar Hausa ba ce, an daɗe ana koyar da ita a sashen harsunan Afirka, marigayi Neil Skinner mai ƙamus a can ya koyar.

Sai abin da ya shafi addini tunda na san za ki yi tunaninsa. Teburin hira wani lokaci a wurin da ake sayar da giya ake yinsa, kamar Rathskeller da ke ginin ƙungiyar ɗalibai, in ba ki saki jiki ba ki nemi na kofi da rana, kuma ki faɗa wa malamarku kai tsaye, ba abin kunya ba ne. A abinci ki yi tambaya kafin ki ci, tsiran Jamusawa da dunƙulen naman 'yan Suwidin yawanci da alade, lefse kuwa waina ce ta dankali mai faɗi da ake shafa wa man shanu da sukari, shi kuma lutefisk busasshen kifi ne da aka jiƙa a ruwan toka mai ƙarfi har ya yi santsi, wani lokaci ana zuba masa kitsen alade a kai, to ki ce a ba ki da man shanu. Kallon fim na Cinematheque, shirin nuna fim na jami'ar, a ginin Vilas kyauta ne, ki duba jadawalinsu da zarar kin sauka. In watan Mayu ya zo kuma ki nemi wanda zai kai ki Stoughton, tafiyar kamar rabin awa ce a mota, can ake bikin Syttende Mai na tunawa da tsarin mulkin Norwe na 17 ga Mayun 1814, ki samu wata tsohuwa mai kayan gargajiya ki gaishe ta ki tambaye ta daga wane kwari kakanninta suka fito, ɗinkin rigar da ke jikinta ma na yankin ne kuma za ta nuna miki.